Baba da Rigimar Tsattsafa

Da safiyar Laraba, tara ga watan jiya, Allah Ya karɓi ran surukina, tsohon mai gyaran rubutu a maɗaba'a. Baba, ka tafi ka bar ni da kewa, da kuma haushin da ban gama sauke maka ba.

Tun da ka bar aiki ka rasa takardar gyarawa, sai ka koma gyaran bakin mutane. Na buɗe ɗan shago a ƙofar gida ina soye-soyen fulawa, ka jawo kujera ka zauna. Duk wanda ya nuna faranti ya ce a ba shi wancan, sai ka tare shi.

"Wancan ba suna ba ne. Tsattsafa ake cewa. Ƙullu ne mai ruwa-ruwa, a zuba shi cikin mai kaɗan-kaɗan kamar yayyafi. Wanda aka murza aka yanka kuwa, wani abu ne daban."

Mutum yana sauri zai tafi aiki, kai kana jan bayani. Wani direba ya ajiye ledarsa ya tafi, bai sake dawowa ba. Na kai ƙararka wajen ɗanka, ya ce, "Ni da na taso a hannunsa fa? Haƙuri za ki yi."

Abin da ya fi ƙona mini rai, bayan likita ya hana ka maiƙo saboda zuciyarka, na same ka a bayan ƙyaure kana cin tsattsafa.

"Baba, me likita ya ce?"

"Ya ambaci abin da ya sani, 'yata. Ban ji tsattsafa a ciki ba."

Muka yi faɗa, muka yi roƙo, muka ɓoye, ba ka daina ba. Zuciyar nan kuwa ita ce ta tsaya. Wannan kam har yanzu da zafinsa nake kwana.

Amma kai ne, da mai ya ƙona mini hannu, ka naɗe hannun riga ka tsaya gaban kasko har na warke, don kada shagon ya mutu. Rabi yana ƙonewa, rabi ɗanye. Ka hana kowa kiran abin da ka soya tsattsafa, wai bai kai ba.

Allah Ya jiƙanka, Baba, Ya yafe maka taurin kan nan, Ya haskaka kabarinka. Surukata Inna, da maigidana da ƙannensa, Allah Ya ba mu haƙurin rashinsa. Haƙurin zama da shi dai mun riga mun yi.