Makin Ƙanwata Da Na Ɓoye

Edita, lokacin da wannan abin ya faru ina shekara ta biyu a wata makarantar gaba da sakandare a Kaura Namoda, kuma ni ne na farko a gidanmu da ya taɓa wuce sakandare. Mu mutanen wani ƙauye ne a ƙasar Zurmi, mahaifinmu manomin gero da dawa ne. Idan na je gida hutu, duk takardar da ke da Turanci ni ake kawo wa, daga katin asibiti har rubutun jikin maganin feshi. Na saba da wannan girma har ya hau mini kai. A wancan lokacin gara a mare ni da in buɗe baki a gaban mutane in ce ban sani ba.

Ƙanwata mai bi na ta fi ni ƙwaƙwalwa nesa ba kusa ba, ko da yake sai yau nake iya faɗin haka. Tun ranar da aka ɗauki Innarmu a kan babur zuwa asibitin Kaura tana naƙuda, aka dawo da ita babu jariri, yarinyar ta ƙudurta sai ta zama likita. Sai dai makarantarsu ta sha rufewa saboda 'yan bindiga, kusan shekara guda ba su da malamin kemistiri, don haka sakamakonta na kammala sakandare da ƙyar ya tsallake. Amma jarrabawar shiga jami'a, wadda ta zauna ta karanta da kanta da tsofaffin littattafaina, ta ci maki ɗari biyu da arba'in da ɗaya cikin ɗari huɗu. Ni a shekarata ɗari da saba'in da shida na samu, kuma ban taɓa gaya wa kowa a gida ba.

Ana nan sai malamarsu ta kimiyya ta aiko da labari cewa wata gidauniya za ta ɗauki nauyin 'yan mata kaɗan daga Zurmi da Shinkafi da Kaura su karanta aikin likita a wata jami'a mai wuyar shiga. Sharaɗin shi ne sai wadda ta gama sakandare a wannan shekarar. Baba ya sa ƙanwata ta biyo motar kasuwa ta same ni, muka je shagon kwamfuta don cike fom. A shafi na uku akwai gurbin makin jarrabawar shiga jami'a, an rubuta cewa sa shi ba dole ba ne. A ƙarƙashinsa akwai wani dogon bayani da ƙananan haruffa. Na karanta layi biyu Turancin ya fi ƙarfina, ga mai shagon yana tsaye a kaina, ga ƙanwata tana kallona. Maimakon in ce a fassara mana, sai na gyaɗa kai kamar na gane, na wuce.

Na ce mata mu bar gurbin babu komai. Na nuna mata a wayata yadda yaran manyan birane ke baza makinsu, wannan ɗari uku da goma, wancan ɗari uku da talatin, na ce idan masu zaɓe suka ga nata kusa da waɗannan dariya za su yi, gara a rufa wa kai asiri. Ta sunkuyar da kai ta ce a hankali, ai malama ta ce makin ne ƙarfinta, ta roƙe ni in sa. Na daka mata tsawa a gaban mutane, na tambaye ta ko ita da malamar tata sun taɓa taka ƙofar babbar makaranta kamar ni. Da muka kira Baba a waya, bai ma bari ta gama magana ba, ya ce yayanta ya fi ta sani, ta bi abin da na ce. Ta ce to. Ta ninke takardar makin ta mayar cikin jaka, ni kuwa na danna na tura.

Da sunayen waɗanda za a yi wa ganawa suka fito, babu nata. Wata 'yar ajinsu da ta ci ɗari biyu da sha tara tana ciki, kuma a ƙarshe an ɗauke ta. Na ce wa mutanen gida ai hanya ce kawai, sai wanda ya san wani. Bayan kamar wata biyu na gamu da malamar a tashar motar Shinkafi. Ko gaisuwata ba ta gama amsawa ba ta tambaye ni dalilin da ya sa ba mu sa makin ba. Ta ce bayanin nan na ƙasa cewa ya yi za a auna makin kowace yarinya da halin da makarantarta ta shiga, wadda kuma ba ta sa ba, da sakamakon sakandare kaɗai za a duba ta. Ta ce a duk 'yan matan da ta sani sun nema, babu wadda ta kai ƙanwata maki. Wato da hannuna na cire abu ɗaya da take da shi, na bar wanda rufe makaranta ya lalata. Na tsaya a wurin har motar da zan shiga ta cika ta tashi.

Na yi wa kaina alkawarin zan gyara a shekara mai zuwa. Amma makin shekara ɗaya yake aiki, gidauniyar kuma ba ta karɓar wadda ta riga ta gama. Kafin damina ta kama 'yan bindiga suka tashi ƙauyenmu, muka dawo Kaura muka cushe a ɗaki biyu na wani ɗan'uwan Baba, aka bar gona a baya. Daga nan ba wanda ya sake tayar da maganar jami'a. Yanzu ƙanwata tana suyar awara a ƙofar gida da hantsi, da yamma tana koyar da yara a wata Islamiyya. 'Yar ajin tasu kuwa na ji an ce ta fara shiga ɗakin marasa lafiya da farar riga.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ba ta taɓa zargina ba, ko sau ɗaya. Ta yarda da maganata ɗari bisa ɗari. Kwanan baya na ji ta tana ba wata yarinyar maƙwabta shawara, tana cewa ta dage da karatu kada ta zama irinta, ita da ma ba ta da kan boko, makinta ma sai da yayanta ya ɓoye don kada a yi mata dariya. Ina bayan ƙofa na ji, ban iya shiga ba. Shekara huɗu ke nan ina neman bakin da zan gaya mata gaskiya, kullum sai in ce gobe.

Na daɗe ina ce wa kaina kuskure ne kawai. Da na zauna na bincika zuciyata, na ga girman kai ne, har da ɗan ƙyashin makin da ya fi nawa. Don haka nake roƙon yayye irina da iyaye suka ɗora wa amana: idan fom ya ce sa maki zaɓi ne, ku karanta har ƙasa, in ba ku gane ba ku tambaya, kuma ku auna yaro da inda ya fito, ba da abin da kuka gani a waya ba. Ku kuma iyaye, idan ƙaramin ya yi magana ku bari ya kai aya. Ni dai tawa ta riga ta faru, ba abin da zai dawo mata da wannan shekarar. Ƙanwata tana karanta wannan mujalla idan ta samu aro. In Allah ya sa wannan fitowar ta kai hannunki, ƙanwata, makinki ya isa har ya yi yawa. Yayanki ne bai iya karanta takardar ba.