Daminar da Iya Falmata ta koyi boko

A gidanmu na Fagge, bakin murhun Iya Falmata ne majalisar yara. Kakata ce ta wajen uba. Tana goye aka zo da ita daga Barno, sana'arta kuwa haɗa turaren wuta. Da an idar da magariba sai ta iza itace, mu kewaye ta, ta fara tatsuniya.

Shekarar da na shiga aji uku majalisar ta soma watsewa. Mun haddace tatsuniyoyinta, kafin ta kai ƙarshe wani ya riga ta faɗa. Ga shi maƙwabcinmu ya sa akwatin rediyo a zaurensa. Ran nan ni kaɗai na zauna, ni ma kunnena yana can. Ta dube ni ta ce, "Tashi ki bi su, Hauwa. Kun gaji da nawa." Na tafi, kuma har yau ina jin kunyar tafiyar nan.

Iya takan kai turare Sabon Gari, wurin wata tela, Mama Nkechi, haihuwar Kano, Hausa a bakinta kamar tamu. Wata rana ta tarar da ita ta tsayar da keke, tana dariya ita kaɗai da ɗan littafin Hausa a hannu.

"Iya, zauna ki ji abin da nake karantawa!"

Shafi biyu ta karanta mata, masu ɗinki suka shigo. Labarin ya tsaya wa Iya a rai. Da ta koma ba ta ce a ƙarasa mata ba, cewa ta yi a nuna mata baƙaƙen. Karatun allo ta yi shi tun tana yarinya, amma boko ko harafi ɗaya ba ta sani ba. Duk daminar nan Mama Nkechi na zana mata da allin ɗinki a kan tebur, mu a gida ba wanda ya sani.

Bayan kaka, wata magariba, ta ce in kira mata yaran. Suka zo suna jan ƙafa. Ta zaro littafi daga kwandon turare, ta karkata shi wajen wuta.

"Ku matso. Wannan ni ma ban san ƙarshenta ba."

Labarin wani maƙeri ne da ya makance, 'yarsa ta riƙa ƙera fartanya a ɓoye ana sayarwa da sunansa. Fartanyar ta yi suna, har mai gari ya ce a kawo masa maƙerin ya ƙera ɗaya a gabansa. Iya tana bin layi da yatsa, tana tuntuɓe tana komawa baya. Daidai inda uban da 'yar suka isa ƙofar mai gari ta rufe littafin.

Kawu Bukar, ƙanin babana, yana gefe yana cin tuwo. Ya ce, "Haba Iya, haddacewa kika yi."

Ta miƙa masa. "Buɗe inda ka ga dama."

Ya buɗe can tsakiya. Ta daɗe tana kallon shafin. Sai ta fara, kalma bayan kalma, ba ta tsaya ba sai da ta kai ƙasa. Innarmu ta rangaɗa guɗa daga ɗaki. Kawu ya ajiye kwano ya durƙusa ya ce, "Na tuba, Iya." Washegari tun kafin a kira sallar magariba yara sun cika tsakar gida, har da 'ya'yan mai rediyon.

A lokacin na ɗauka darasin yana wurin 'yar maƙeri, wadda a ƙarshe ta ɗauki guduma a gaban jama'a, ubanta ya ce hannunta ya fi nasa. Sai da na girma na zama malamar ajin manya na gane yana wurin mai karantawar. Ta haura sittin, ta yarda ta yi tuntuɓe a gaban jikokinta. Na koyar da mata masu yawa, kuma duk wadda ta yi tuntuɓe a ranar farko, nakan matsa kusa in ce mata, "Ki yi a hankali, na ga wadda ta fi ki shekaru ta iya."