Bakin Mama

Mamanmu tela ce, amma a layinmu an fi saninta da baki. Rediyo ake ce mata, kuma ko a jikinta. In ta ba ka labarin faɗan da aka yi a bakin famfo, sai ka duba rigarka ko ruwa ya fantsamo maka. Mu 'ya'yanta har kunya take ba mu, don ba ta iya cewa abu ja ne ta yi shiru, sai ta ce jawur kamar an fasa kankana.

Da ciwon suga ya cinye idon Baba, ya rufe shagonsa na gyaran agogo, bakin nan ne ya zama idonsa. Shekara goma sha ɗaya tana taka keken ɗinki tana zayyana masa duniya: wane ya ajiye tumbi, wance ta sa takalmin da ya fi ƙarfinta tana tafiyar agwagwa. Baba ya yi ta dariya har da tari. Yakan ce, "Da ina gani ma ban ga rabin wannan ba."

Bara ta faɗi a gaban keken. Shanyewar ɓarin jiki, in ji likita. Hankalinta ras, idonta garau, harshen ne ya tafi.

Bayan wata huɗu na haihu, jikarsu ta fari. Na kai ta ɗakinsu, na ɗora wa Baba a cinya. Ya shafa kanta, ya shafa kunnuwan, ya ɗago.

"To, yaya take?"

"Kyakkyawa ce, Baba."

"Kowane jariri kyakkyawa ne. Na ce yaya take?"

"Tana da gashi. Hancin kuwa... hanci dai."

Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. 'Yata ce, kwana da kwanaki ina kallonta, amma abin da na iya ke nan.

Mama na kan gado tana ƙare wa jaririyar kallo. Na ga lokacin da ta gano abin faɗa, idonta ya yi dariya, ta hau bugun katifa da hannunta mai lafiya.

"Ta... ta..."

Baba ya juya mata kunne. "Ina jin ki. Bi a hankali."

Ta yi ta fama har gumi ya jiƙa mata wuya. Hawaye suka biyo baya, ni ma na kasa riƙe nawa.

"Bari, huta," in ji Baba. "Ba sauri nake ba."

Yarinyar yanzu rarrafe take. Duk ranar da na kai ta, Baba yakan karɓe ta ya zaunar a cinya, ya juya kunnensa wajen gadon. Ni bai sake tambayata ba.