Yadda Na Kashe Irin Tonkar Inna a Ɗaki Rufe

A lokacin da abin nan ya faru ina da shekara arba'in da ƴan kai, ina gyaran rediyo da tocila, ina kuma ɗaura wa mutane panno mai ba da wuta da hasken rana a nan Dakoro. Lekol, wato makarantar boko, aji uku na yi na gudu. Abin da na iya da hannuna na koya, kuma shi ne ya sa mini girman kai. Duk abin da aka kawo mini a mace nakan tayar da shi, har na ɗauka babu abin da waya da batiri ba su iya yi. Rubutuna ba na gwani ba ne, ku gyara inda ya karkace, amma kada ku rage maganar don ku rufa mini asiri. Ba zan faɗi sunan kowa ba.

Ni ne ɗan fari wurin mahaifiyata. Wanda ya san al'adarmu ya san abin da wannan ke nufi: tun da ta haife ni ba ta taɓa faɗin sunana ba, ba ta zama hira da ni, ba ta yi mini faɗa ido da ido. In tana da magana sai ta dubi matata, ko da ina zaune a wurin, ta ce a gaya wa mai gidan nan kaza da kaza. Haka muka rayu, kuma ban taɓa jin ta rage ni da komai ba.

Inna tana da wata tonka, wadda wasu ke ce wa barkono, da ta zo da irinta daga garinsu can kudu bakin gulbi ranar da aka kawo ta gidan babana. Ƴaƴan gajeru ne, ba su kai gaɓar yatsa ba, in sun nuna sai su yi ja har da duhu-duhu. Zafi tana da shi, amma ƙamshin ne abin magana. In ana daka ta, maƙwabta ba sai an gaya musu ba. Kowace damina Inna ta shuka ta bayan ɗakinta inda ruwan alwalarta ke gangarawa, ta kewaye da ƙaya. In ta nuna ta zaɓi mafi kyau ta shanya, ta ƙulle irin a tsumma da ƴar toka, ta jefa cikin gora. Da tsufa ya kama ta abinci ya fita ranta, tuwo ba ya wuce mata sai an barbaɗa yajin tonkar nan.

Wata damina ruwa ya ɗauke da wuri, fara ta sauka, abin da ta bari awaki suka ƙarasa. Ko ɗa ɗaya bai nuna ba. Abin da ya rage a duniya, a sanina, shi ne na cikin tsumman. Idanun Inna kuma sun fara hazo, sai ta miƙa wa matata ƙullin ta ce a ba mai gidan nan ya adana. Ta ce in damina ta sauka a raba uku, a shuka kashi ɗaya, a mayar da biyu gora, don ita tun da take ba ta taɓa zuba iri duka a ƙasa ba. Ina jin ta da kunnena. Na ce to.

Ba a yi wata guda ba wani direba da nake gyara wa rediyon mota ya nuna mini wani bidiyo a wayarsa. Wani Bature ne a ƙasar da ƙanƙara ta rufe ko'ina, ya cika ɗaki da tonka a tukwane, ampul, wato ƙwan lantarki, ja da shuɗi a rataye bisa kansu, ƴaƴa har suna ranƙwafar da reshe. Yana ta bayani da yarensa, ban ji ko kalma ɗaya ba. Idona kawai ya yi karatu. Na ce a raina, wannan ai aikina ne. Babu fara, babu akuya, babu jiran hadari. Yajin Inna ya kusa ƙarewa a gwangwani, damina kuwa da sauran wata bakwai. Na ga kaina ina ajiye mata ɗanyar tonka a faifai tsakiyar rani, ita da ba ta iya yabona a fili, in ga abin da za ta yi da fuskarta. Gaskiya ita ce wannan, ba cin abincinta kaɗai na duba ba.

Na kwashe tarkace daga wani ɗakin kwano da ke bakin zaure, na yanka bido-bido, jarkokin roba, na cika da ƙasa da taki, na ja waya. Na kwance tsumman na ɗebi rabi. Ampul ɗin da nake da su irin na haska ɗaki ne. Irin ya tsiro, murna kamar ta kashe ni, amma sai tsiron ya yi ta miƙewa siriri, fari kamar zare, yana neman hasken da bai ishe shi ba, cikin kwana kaɗan duk suka kwanta. A nan ya kamata in tsaya. Mai hankali da ya ƙulle sauran ya mayar gora. Ni kuwa na ce laifin ampul ne. Na sa direban ya zo mini da masu ja da shuɗin daga Maradi, na zazzage tsumman kaf, har tokar na kaɗe a ciki.

Wannan karon sun yi kyau, kada in yi musu ƙarya. Ganye ya yi kore shar. To a nan ne na yi babban kuskuren. Mu nan in abu ya fara kyau, abin da muka fi tsoro bakin mutane ne. Wani ya leƙa ya ce kai, wannan abu ya yi kyau, bai ce masha Allah ba, shi ke nan. Ga kuma dariya in abin bai yi ba. Sai na toshe tagar da buhu ninki biyu, na cusa tsumma a ƙarƙashin ƙofa, na sa kwaɗo, mabuɗi a aljihuna. Ko matata ba ta shiga. In na ga ƙuda ko zuma ta kutso, sai na bi ta na kashe. Ampul kuwa ba na kashe su dare da rana, a ganina in haske abinci ne, a ba su su ƙoshi.

Ina da taubashi, ɗan ƙanwar babana, mai lambu ne a wajen Sabon Maci, duk ranar kasuwa yakan biyo. Ya ga hasken yana tsartuwa ta tsagar ƙofa, ya ce a gari ana cewa na buɗe wa aljannu gidan rawa. Ya ce in mata ce na ɓoye a ciki in fito da ita a gaisa, in kuwa gyaran rana nake yi, ta sama ba ta lalace ba tukuna. Injiniya yake ce mini don tsiya. Na ce masa ya je ya ji da jakinsa mai kunne ɗaya. Sau uku yana roƙona in buɗe, sau uku ina hana shi. Mutumin da ya yi shekara talatin hannunsa cikin ƙasa yana tsaye a ƙofar, ni ina ciki da abin da na gani a waya.

Da zafi ya fara shigowa suka yi fure, farare ƙanana, ba su ƙirguwa. Na fara shirya abin da zan faɗa ranar da zan kai wa Inna. Sai furen ya fara zuba. Kowace safiya in na buɗe, ƙasan bido fari fat, reshe babu komai. Wani ya fito, shi ma ya zuba. Na ƙara ruwa, na ƙara taki, na ƙara ampul biyu na sauko da su kusa. Ɗakin kwano a watan bazara, a rufe, ni kaina in na shiga sai rigata ta jiƙe kafin in gama ban ruwa, amma ban taɓa tunanin abin da ke damuna yana damun su ba. Ganye ya naɗe, gefensa ya ƙone, wasu ƙananan ƙwari masu saƙa suka cika bayansa.

Da na rasa yadda zan yi na buɗe wa taubashin nawa. Ya shiga da dariya a bakinsa, ya fito babu ita. Ya tambaye ni wace tonka ce, na faɗa masa. Ya tambayi sauran irin, na nuna masa tsumman babu komai. Ya ce tonka ba ta ɗaure ɗa sai iska ta girgiza furen ko ƙwaro ya taɓa shi, kuma ko a fili in zafi ya yi yawa zubar da fure take. Ya ce shuka ma tana son duhu ta huta. Ya ce Baturen nawa sanyi ya guje wa, ni kuwa na ɗauko tanda na saka su. Da na bar shi ya leƙa tun farko, in ji shi, da taga kawai zai ce in buɗe, in sa fanka, in riƙa kaɗa reshen da yatsa. Muka fitar da su inuwar icen bedi, amma sun riga sun gama. Cikin mako biyu babu mai rai.

Matata ce ta gaya wa Inna, ina tsaye a bakin ƙofa. Ba ta ɗago ba. Ta daɗe tana murza carbi, sannan ta ce a tambayi mai gidan nan ko ya ci abinci. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Daga baya ta ce da matata, a zamanin da take da ƙarfi duk macen da ta roƙi irin tana ba ta, har da wata da aka kai aure Birnin Lalle.

Na hau babur na tafi garin. Kwana biyu ina tambaya gida gida. Matar ta rasu, amma ɗiyarta na nan, kuma tana da tonka a ƙulle da ta ce ta uwarta ce, sai dai ta daɗe tana shuka ta kusa da wasu iri-iri. Ta ba ni ba tare da ta tambayi dalili ba. Da damina ta sauka na raba uku, na shuka ɗaya bayan ɗakin Inna, na kewaye da ƙaya. Ta yi ƴaƴa, sun ɗan fi na da tsawo. Matata ta daka, aka barbaɗa a tuwo. Inna ta ci loma huɗu ko biyar, ta ce a gaya wa mai gidan nan Allah ya yi masa albarka. Na fita zaure na zauna, na ɗauka Allah ya rufa mini asiri.

Inna ba ta ga damina ta gaba ba. Bayan an yi addu'ar arba'in matata ta ce akwai maganar da aka ba ta ajiya, ta gaji da riƙo. Ta ce ranar nan da na fita, Inna ta ture kwanon ta ce mata: "Ba ita ba ce. Amma kada ki gaya masa, ya sha tafiya."

Ban ce ampul ba ya noma ba. Waɗanda suka san kansa suna yi, kuma wanda ya so ya gwada, ya gwada da irin kasuwa, ya bar iska ta shiga, ya kashe wuta shuka ta kwana. Abin da nake ja wa ƴan'uwa kunne a kai shi ne, in an ba ka ajiyar abin da babu na biyunsa, kada ka koyi aiki a kansa. Kuma kada tsoron bakin mutane ya sa ka kulle ƙofa a fuskar wanda ya fi ka sani. Inna ta yi shekara fiye da arba'in tana nuna tonkarta ga kowa, tana rabawa, ba ta ɓace ba. Ni wata huɗu na ɓoye ta. Har yanzu muna shuka ta Birnin Lalle, baƙi suna yabon ƙamshinta, suna cewa tonkar tsohuwa ce. Ni dai sai in tura musu gwangwanin yajin su ƙara.