Kwana Uku a Tafkin Cikin Duwatsu

Har yau in na bi ta bakin tashar Gumel na ji ƙamshin kifin da ake soyawa da man gyaɗa, sai ƙafata ta yi nauyi. Ba kwaɗayi ba ne. Wani wuri yake mayar da ni, can kudu da nisa, inda na yi kwana uku kacal ina 'yar shekara tara, ni da kakata mahaifiyar babana, wadda duk gidanmu muke kira Inna.

A Ɗanzomo aka haife ni. Wanda ya san ƙasarmu ya san a shimfiɗe take kamar faifai, yashi ne da gero da riɗi iyakar ganinka. Ba mu da kogi, ba mu da dutse. Ruwanmu na rijiya ne mai zurfi, sai kududdufin da yake cika da damina ya ƙafe kafin a gama sussuka. Ina da shekara shida mahaifiyata ta rasu wajen haihuwa, ita da abin da ta haifa. Bayan sadakar arba'in babana ya ce zai tafi ci-rani. Damina ta faɗi, 'yan ci-rani suka dawo, shi bai dawo ba. Haka ta biyu, haka ta uku. Saƙo yakan zo jefi-jefi, atamfa ko sabulu, amma ba a cewa daga ina.

Sashenmu ya zama daga ni sai Inna, baffana da iyalinsa suna ɗaya ɓangaren. Inna ba ta zancen babana. Shi ne ɗanta na fari, kuma tsofaffinmu ba sa kiran sunan ɗan fari, ba sa yi masa magana kai tsaye, balle su nuna sun yi kewarsa. Sai dai na lura duk motar da ta tsaya a bakin hanya, sai ta dakata da abin da take yi ta kasa kunne. A wannan tsakanin ne yanar ido ta fara rufe mata gani. Tsintar wake ta gagare ta, zura zare a allura sai ni.

Wani direba ɗan garinmu, mai ɗaukar shanu daga kasuwar Maigatari zuwa kudu, shi ya zo da labari. Ya ce ya ga babana a wani wurin shaƙatawa da ke bakin tafki cikin duwatsu, yana tuƙa jirgin ruwa yana zagayawa da baƙi. Baffa ya yi dariya, ya ce mutumin da ko kududdufi bai taɓa shiga ba. Sai da aka kai amfanin gona gida, sannan Inna ta ce in wanke kayana, tafiya za mu yi. Baffa ya yi ta magiya a bari shi ya je. Ta ce ai idonta ne yake tafiya, ba nasa ba.

Direban ya rubuta mana sunan wurin a takarda, na ƙulle a bakin zanina. Muka bi ta Gumel, muka kwana a Kano gidan wata goggona, washegari muka sake shiga mota. Wajen la'asar na hango wani abu baƙi ƙirin ya tare gabas, na ce wa Inna hadari ya haɗo. Wata mata da ke kusa da mu ta yi dariya, ta ce dutse ne. Daga nan motar ta yi ta hawa tana nishi, kunnuwana suka toshe, iska mai sanyi da ƙamshin ɗanyar ciyawa ta riƙa shigowa, alhali mu a gida tuni ƙasa ta bushe.

Da muka isa wurin, maigadin ƙofa ne ya aika a kira babana. Ya taho da sauri sanye da wata riga mai kalar lemo, ya rame, ya yi duhu. Daga nesa ya cire takalmi ya durƙusa yana gaisuwa. Inna ta kau da kai gefe tana amsawa a gajarce, kamar jiya suka rabu. Ni kuwa shekara uku ina tanadin abin da zan faɗa masa, amma sai na laɓe a bayan Inna. Ya dube ni sau ɗaya ya sauke ido, don ni ma 'yar fari ce a wurinsa. Ga maigadin ya juya ya ce, yarinya ta girma.

Ya sauke mu a ɗakinsa da ke bayan wurin, cikin jerin ɗakunan ma'aikata, shi ya koma wajen abokin aikinsa. Daga sallar asuba yake fita, sai magariba. Inna ta ce ba ta yi wannan doguwar tafiya don ta zauna a ɗaki ba. Ta dafa kafaɗata ta ce ni ce idonta, duk abin da na gani in faɗa mata.

Haka muka yi kwana biyu muna yawo mu kaɗai a cikin mutane. Na faɗa mata akwai ɗakuna zagayayyu masu jinka irin namu na ƙauye, amma a ciki da gado da fanka, kuma masu hali ne suke kwana a ciki. Ta ce ikon Allah, abin da muke gudu shi suke nema. Na faɗa mata ga dawaki ana ɗora yara ana zagayawa da su a bakin ruwa, ga lilo na ƙarfe, ga mai hoto yana bin mutane. Muka bi wata siririyar hanya da take hawa dutse, muna tafiya muna hutawa, har muka kai inda ruwa yake zubowa daga sama yana farfashewa a kan duwatsu. Wannan ba sai na faɗa mata ba. Ta tsaya feshin yana jiƙa mata fuska, sannan ta ce da za a ba Ɗanzomo ruwan da yake zuba a nan na wuni ɗaya, da an huta da jan guga. A hanyar saukowa biri ya fizge mana ƙullin gyaɗa. Na yi dariya har da hawaye, na waiga in ga wanda zai taya ni, babu kowa sai baƙin da ba su san mu ba.

Inda muka fi zama shi ne rumfar wata mai soya kifi a bakin tafkin. Da ta gane ko mu su waye, ta shimfiɗa mana tabarma, ta zubo mana kifi da yaji ta ce mu baƙinta ne. Ita ta ba Inna labarin babana: da sharar bakin ruwa ya fara, ya koyi iyo, ya koyi tuƙi, ba ya faɗa da kowa, ba ya hira da kowa, in ba baƙi sai ya zauna cikin jirgi shi kaɗai. Daga rumfar ina hango shi. Ina gani yana ɗaga 'ya'yan mutane ɗaya bayan ɗaya yana sa su a jirgi, yana ɗaure musu rigar ruwa, yana yi musu wasa. Inna ta tambaye ni me yake yi. Na ce yana gyaran inji. Wannan ce ƙarya ta farko da na tuna na yi mata.

Da magariba in ya zo gaishe ta, ta bakina suke magana. Ki ce wa babanki gonar gabas ta yi kyau bana. Ki ce wa Inna na ji. Ga su a ɗaki ɗaya, ni a tsakiya ina kai da kawowa.

Ranar da za mu tafi, da sassafe kafin baƙi su tashi, ya zo ya ce in ce wa Inna ko za ta shiga jirgi. Na ɗauka za ta ƙi. Sai ta miƙe ta yafa mayafinta. Shi ya ɗaure min rigar ruwan da hannunsa. Tafkin ya yi luf, hazo yana tashi daga kansa, duwatsun sun kewaye shi, inuwarsu tana kwance a ciki. Da muka kai tsakiya Inna ta ce in ce masa ya kashe wannan abin, ƙararsa ta ishe ta. Ya kashe. Ba ka jin komai sai ruwa yana lasar jikin jirgi.

Sai Inna ta kira sunansa. Ban taɓa jin sunan a bakinta ba, kuma ban sake ji ba har ta bar duniya.

“Matso nan,” ta ce. “Daga can ba na ganinka.”

Ya rarrafo ya durƙusa a gabanta. Ta kama fuskarsa da hannu biyu ta kawo dab da tata, ta juya shi wajen hasken rana, ta yi ta kallo.

“Inna, na kasa shiga ɗakin marigayiya ne,” ya ce. “Ko ƙofarsa na tuna sai in ji numfashina zai ɗauke.”

“Ɗakin ya faɗi tun daminar bara,” ta ce. “Ban zo in ja ka ba. Na zo in gan ka ne tun ina iyawa, na kuwa gan ka. Amma waccan ba ɗaki ba ce, ba za ta tsaya jiranka ba.”

Ni take nufi. Ya juyo ya dube ni sosai a karo na farko, hawaye yana bin gemunsa. Daga baya ya ɗora hannuna a kan sandar tuƙi, nasa a kan nawa, muka komo bakin ruwa a hankali.

Bai biyo mu ba. Ya raka mu mota, ya ce zai zo kafin shuka. Aka yi shuka babu shi. Sai bazarar da ta biyo baya ya sauka da 'yar jakarsa, lokacin idon Inna ya riga ya rufe gaba ɗaya. Ya gina sabon ɗaki, ya koma gona, daga baya ya sake aure. Shi ya riƙa kai Inna bakin zaure shan hantsi har ƙarshen rayuwarta. Amma ni da shi ba mu taɓa koyon hira ba. Shekarun da ake koyonta sun wuce yana kan ruwa.

Yanzu ina koyarwa a Gumel, ina da 'ya'ya huɗu, kuma babbar ina kiran sunanta sau goma a wuni, ko da tsofaffi suna hararata. Bara da hutu maigidana ya kai mu wurin tafkin. An yi kwalta har ƙofa, an rushe ɗakunan jinka an yi benaye, kowa yana riƙe da waya yana ɗaukar kansa hoto. Yarana sun hau doki, sun hau dutse, sun shiga jirgi. Na tambayi ma'aikata uku, babu wanda ya san babana ya taɓa aiki a nan.

Da muka dawo na je Ɗanzomo gaishe shi. Ya tsufa, yana zaune a zaure da carbi. Na ce masa mun je. Ya tambaya ko ruwan yana nan da yawansa. Na ce ya ɗan ja baya. Ya gyaɗa kai, ya matsa ya ba ni gefen tabarma. Muka zauna a haka har aka kira la'asar.