Ranar da Teku Ya Ɗaga Rigar Baba Injiniya

Gara in faɗa tun daga farko cewa abin ya kwana biyu, kuma a ranar hankalina ba a jikina yake ba, don haka mai yiwuwa na sa na baya a gaba a wasu wuraren. Abin da na tabbatar dai shi ne hutun Babbar Sallah ne, lokacin da zafin Doha yake sa mutum ya buɗe ƙofar mota da bakin riga.

Ban daɗe da gama karatu ba a lokacin, ina aiki a sashen kare haɗurra na wani kamfanin gine-gine. Aikina shi ne in hango abin da zai iya faruwa, in hana shi. Ɗaki ɗaya muke a unguwar Mu'aither da wani abokina ɗan Zangon Kumasi mai lodin kaya a filin jirgi, mutumin da bai taɓa hango komai ba a rayuwarsa, kuma kullum ƙiba yake ƙarawa.

Damuwata wata budurwa ce mai aiki a ɗakin gwaje-gwaje na wani asibiti. A gidan wan mahaifinta take zaune, wani dattijo da 'yan Arewan Doha suke kira Baba Injiniya. Mahaifinta a Katsina ya ce maganar aurenta sai abin da Yaya ya ce. Ni kuwa ba ni da babba a Doha, dole da bakina zan nemi izinin turo magabatana. Na sha zuwa gidansa da wannan niyya. Sai in gaishe shi, in tambayi gajiya, in tambayi zafi, in sha shayi, in tashi. Daga ƙarshe budurwar ta kira ni ta ce Baba zai tafi gida bayan Sallah, kuma akwai ɗan aminin mahaifinta da ake ta zancensa a can.

"Idan ya hau jirgi ba ka buɗe baki ba," in ji ta, "kada ka ce ban gaya maka ba."

Ana haka, wata Juma'a bayan an idar da sallah, Baba ya ce ya daɗe yana jin labarin Salalah, can kudancin Oman, inda ake yayyafi alhali mu muna soyuwa, da wani rami a kan dutse da teku yake feso ruwa ta cikinsa. Kafin in yi tunani na ji bakina ya ce zan shirya tafiyar. A lissafina, wataƙila a bakin teku kwarjininsa zai ɗan ragu. Ɗan Kumasi ya ce da shi za a je, don ba zai yarda a ba shi labari ba.

Na karanta duk abin da ya samu game da wurin. Na je kasuwar Asian Town na sayo mana rigunan ruwa, ruwan ɗorawa, irin na ma'aikatan hanya. Muka sauka a Salalah. Da safen da za mu je ramin, Baba ya fito daga masauki cikin babbar riga ta shadda mai ruwan sararin samaniya, ta sha bugu tana ɗaukar ido, da hula mai aikin hannu. A Doha masu guga sun yi yawa, amma babu mai bugu ko ɗaya, saboda haka rigar daga gida take zuwa a shirye, kuma sai da dalili take fitowa. Dalilin ranar hoto ne. Na miƙa masa rigar ruwa da hannu biyu.

"Leda? A kan wannan?" Ya dube ni ta saman tabarau. "Ɗana, ka ga na yi kama da buhun siminti?"

Ni dai na sa tawa har da hular.

Wurin wani shimfiɗaɗɗen dutse ne a saman teku. A ƙarƙashinsa akwai kogo, igiyar ruwa tana shiga da ƙarfi, sai ruwan ya rasa hanya ya yi sama ta wani rami da aka rufe da ragar ƙarfe. Kafin ya fito sai ka ji gurnani a ƙarƙashin ƙafarka, sannan farin ruwa ya tashi, ina ganin ya kai tsayin bene, ko da yake ba zan rantse ba. Mutane suna ihu suna darewa, suna komowa.

Na roƙi Baba ya dakata. Na duba inda iska take kaɗawa, na bi sawun jiƙa a kan dutsen, na zagaya har na samu wuri busasshe ƙayau, nesa da ramin, teku a bayansa. Akwai wata 'yar ragar ƙarfe a wurin, amma a bushe take. Na ɗauka magudana ce.

"Nan ne, Baba."

"Ka tabbata?"

"Ina kyautata zato."

"Ban tambaye ka zato ba."

"Na tabbata," na ce. Ban tuna na taɓa faɗin wannan kalma kafin ranar ba.

Baba ya hau kan ragar, ya naɗe hannayen rigar a kafaɗa, ya gyara zaman hula. Ɗan Kumasi ya ja baya da waya. Na ga Baba yana murmushi, abin da ba kasafai ake gani ba, sai na ce a raina yanzu ne. Na matso na ɗan rusuna.

"Baba, dama akwai wata 'yar magana, idan ba damuwa..."

Sai dutsen ya yi nishi. Ashe wannan ma rami ne, sai igiyar ruwa ta yi girma sosai yake aiki, kuma iska yake fara turowa. Babbar rigar ta cika ta buɗe kamar laima, ta tashi ta rufe kan Baba gaba ɗaya, sai wando da takalmi kawai ake gani suna taka rawa. Hular ta yi sama, ta nufi teku, ba mu ƙara ganinta ba. Kafin rigar ta sauko, ruwan ya biyo baya.

"Chale, abokina, Baba ya tashi!" ɗan Kumasi yana ihu, bai sauke wayar ba. "Riƙe ƙafanshi kafin ya kai Doha!"

Da abin ya lafa, Baba yana tsaye rigar ta manne masa, ruwa na zuba daga gemunsa. Ni kuma ina gefensa cikin ledata, ko ɗigo bai taɓa ni ba. Da na jiƙe da ya fi mini sauƙi.

Muka shiga mota, ɗan Kumasi yana ta tari irin na mai haɗiye dariya. Muka tsaya a wani ɗan gari a bakin teku: titi ɗaya, kwale-kwale a kife a kan yashi, masu sayar da kwakwa, masu gasa nama a kan duwatsu masu zafi, raƙuma suna yawo babu mai kora. Kanti ɗaya muka samu na tufafi, kuma abin da ya yi wa Baba daidai zane ne irin wanda masunta suke ɗaurawa, da wata riga mai hoton raƙumi sanye da baƙin gilashi. Muka haɗa da hular Omanawa. Baba ya zauna a benci yana shan ruwan kwakwa, yana kallon teku kamar wanda suka yi shari'a. Ni na shanya babbar rigar a bayan wani kwale-kwale, na tsaya ina korar wani raƙumi da ya nuna sha'awa. Ƙyallin bugun ya tafi, gishiri ya fara zane a jiki.

Ɗan Kumasi ya zo da tsinken nama a baki. "Yalla, maza je ka faɗi. Yau ba shi da kwarjini."

"Yau? Bayan abin da na yi? Wataƙila in bari ya huce."

"Ya huce a Katsina, wurin ɗaurin auren wani. Khalas, shi ke nan, ni zan kori raƙumi."

Gaskiya ya faɗa. Washegari za mu koma Doha, daga nan Baba sai gida. Na je na durƙusa a yashi, na ba da haƙuri, na ƙara ba da haƙuri, sannan na ce, "Baba, maganar ɗazu, ko da yake na san ba lokacinta ba ne, kuma mai yiwuwa..."

"Maganar ta gidana ce?"

"Ta shafi gidan, Baba."

"Tsaya." Ya dubi hoton raƙumin da yake ƙirjinsa. "Ba za a nemi 'yata a hannuna ina cikin wannan ba. Ɗauko mini rigata."

Na ɗauko ta, da nauyi kamar bargo. Ya zura ta a kan raƙumin da zanen, ya naɗe hannayen a kafaɗa, ya gyara hular Omanawa, ya zauna daram, ruwa na ɗiga a yashi.

"To, faɗi. Kuma in na ji wataƙila, na tashi."

Na faɗa. A taƙaice ya fito, don tsoro ya cinye sauran.

"Shayin da ka sha a gidana ya isa a yi walima," in ji Baba. "Ka gaya wa iyayenka su same ni a Katsina. Amma ka saurara. Ranar ɗaurin aure, kada in ga ka nuna wa kowa inda zai tsaya."

Iyakar abin da na riƙe ke nan. Akwai wuraren da har yau muke saɓani da ɗan Kumasi. Shi ya dage cewa lokacin da rigar ta rufe Baba ya ji shi ya kira "Inna!" Ni salati na ji. Hoton da ya ɗauka Baba ya sa an goge tun a mota, shi kansa Baban kuwa yanzu surukina ne, ba ni da bakin tambayarsa. Saboda haka duk wanda ya kasance a kan dutsen nan a ranar, ya ga abin da ban gani ba, ina roƙo ya aiko mini da gyara. Ni kaɗai don Allah, kada ya bi ta gidan Baba.