Farin Kwanon Malama Loyis

Malama Loyis ta ɗauraye farin kwanon ta ajiye shi a dakalin ƙofa kamar kullum, ko da yake an daɗe ba a zuba masa nono ba. Kulu ce mai zubawa. Daga rugarsu ta bayan Vom take zuwa Daɗin Kowa, ta sauke ƙwarya, su zauna suna gulmar mazajensu har rana ta yi zafi. Tun da rikici ya ci ɗanta Salisu a wajen kiwo, ƙafarta ta ɗauke.

Malama Loyis ta tsufa tana koyar da Turanci. Tsofaffin ɗalibanta ba su manta darasinta na kalmomin sanyaya rai ba. Takan ce kamanninsu ɗaya, amma kowace da aikinta. Soothe shafa bayan jariri ne. Appease jefa wa kura ƙashi ne don ta ƙyale ka yau. Defuse kuwa zare wayar bam ne, bam ɗin yana nan tare da kai a ɗaki. Da wannan sanin ta raba faɗan 'yan aji, da na matan coci, har da na 'yan keke a tasha.

Wata ƙungiya ta zo da taron sulhu tsakanin makiyaya da manoma a wani ajin firamare, tana neman tafinta saboda ogansu baƙo ne, ba ya jin Hausa. Malama ta karɓa ne kawai don ta ji Kulu za ta zo.

Kulu ta rame. Da aka ba ta magana, ba ta yi kuka ba. Ta ce ba ta yafe ba, kuma ƙasar da ta sha jinin Salisu kada ta ƙara ba kowa dankali. Samarin ɓangarorin biyu suka gyara zama. Malama ta dube su. Sai ta juya ta gaya wa oga da Turanci cewa uwar tana baƙin ciki, tana kuma roƙon Allah ya warkar da ƙasa.

Oga ya yi murmushi, ya tafa. Shi kaɗai ya tafa, don kowa a ajin ya ji Kulu da kunnensa.

"Malama, me kika ce masa yake tafa mini?"

"Na ɗan sassauta ne, Kulu."

"Ɗana ne. Ina ruwanki da sassauta shi?"

Kulu ta ja mayafi ta kau da kai. Oga ya matso yana tambayar abin da ta ce. Malama Loyis ta buɗe baki, ta lalubi kalmomin nan nata ɗaya bayan ɗaya, babu wadda ta kai inda Kulu take zaune. Ta ɗauki jakarta, ta bi ta tsakanin bencina, ta fita daga ajin.